Jan Fenti a Bangona

Ranar Talata suka zo Agege,
Su uku, da hular kwano da igiyar awo,
Na ukunsu riƙe da gwangwanin jan fenti.
Ko kokon safe ban gama sha ba
Suka tsaya ta gefen magudanar ruwa.

Suka ja igiya daga kwata zuwa bango,
Suka sake ja, wai ko an yi kuskure.
Babbansu ya dubi takarda, ya dube ni:
"Alhaji Tanimu, ɗakunan nan biyu
Sun hau filin da doka ta bar wa ruwa."

Na ce, shekara goma sha tara
Ina sauke albasa a Mil Sha Biyu.
Kowane bulo nan na san kuɗinsa,
Kowane kwano na san ranar sayensa,
Ƙofar can da kuɗin babur ɗina na sa ta.
Ya ce, "Na ji. Mako biyu ne sanarwa."

Yaron ya zana alama, ja kamar jini.
Har fentin ya ɗiga a kan silifas ɗina.
Suka shiga mota, suka bar ni da 'yan kallo,
Kowa na ba ni baki, ba mai tsayawa.

Da dare barci ya ƙi.
Sai ga muryar Ilu magini a kunnena,
Ranar da muke haƙa harsashi:
"Maigida, ja baya kaɗan, kwata na numfashi."
Na ce masa, ƙasa a Ikko zinariya ce,
Taku ɗaya kuɗin hayar wata ne.
Tifa biyu ta jar ƙasa muka zuba,
Muka matse wa kwata wuya, muka ci gaba da ginawa.

Bara, cikin watan Yuni,
Ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba.
Ya zo bangona, ya rasa ta inda zai bi,
Ya juya ya shiga ɗakin Iya Sikira.
Keken ɗinkinta ya nutse har wuya,
Littattafan jikokinta mako guda a kan rufi.
Na ce leda ce, na ce gwamnati ce,
Na ce ƙaddara, wa ya isa ya tare ta?
Ita ba ta ce da ni komai ba,
Bangon kawai ta kalla, ta ci gaba da kwalfewa.

Amma ku ma, masu igiya, ina da tambaya.
Benen can na bayan gada
Da katangarsa ke zaune tsakiyar kwata,
Ko igiyarku gajarta take a ƙofar manya?
Wanda ya karɓi ambulan ya buga min hatimi,
Shi wane bango nasa za a yi wa rushewa?

Ban jira katafila ba.
Asabar na kira Ilu da gudumarsa,
Bai ce "na gaya maka" ba, Allah ya saka masa.
Muka cire kwano ɗaya ɗaya,
Ƙusa ma a gwangwani muka tara.
Haladu mai shayi ya naɗe tabarmarsa,
Ya ce cikon kuɗin hayarsa ba gaggawa.

Yau da la'asar hadari ya taso daga teku.
Na tsaya inda gadon Haladu yake dā,
Tsakanin bulo ɗari biyu da arba'in
Da ban san inda zan kai su ba.
Iya Sikira na ƙofarta da tsintsiya a hannu.
Ruwan ya zo, baƙi, ɗauke da robobi,
Ya bi ta ɗakina kamar mai komawa gida,
Ya wuce ni, ba godiya, ba gaisuwa.