Busasshiyar Fata

Shekara sittin da tara ina taka ƙasar Damagaram,
ban taɓa rasa kalmar da zan sayi goro ba.
Sai ranar da likita ya miƙo mini takarda
game da ciwon Fasuma,
na juya ta sama, na juya ta ƙasa,
ta yi mini shiru kamar rijiyar rani.

Shi ya sa bayan isha'i, a zaurenmu na Birni,
nake durƙusa gaban Cima, jikata,
mai shekara bakwai da giɓi biyu.
Ni ma da giɓina, amma nata zai cike.

Ta ce, Kaka, ka ce haka.
Na ce.
Ta faɗi ƙasa tana dariya har kallabi ya zame.
Wai harafin daga maƙogwaro yake fita,
ni kuwa maƙogwarona tari kaɗai ya sani.

Wane irin harshe ne Faransanci?
Rana, da na sani mace tun ina goye,
sun ɗaura mata rawani, wai namiji ce.
Wata kuma, dattijon sama,
sun sa masa lalle.
Tamanin ba ta da suna, sai an ce huɗu sau ashirin.
Haruffa a jere a ƙarshen kalma, ba a furta su,
kamar baƙin da suka ci tuwo
suka tashi ba sallama.

Ita Cima ba ta san wahala ce ba.
Wata uku da Falmata ta tare a maƙwabta,
yarinyar nan ta kwaso Barbarci a bakin famfo,
a layin jarkoki,
ba allo, ba bulala,
kamar yadda ƙarangiya ke bin wando.
Ni kalma ɗaya nakan ɗauko da dare,
in sa ta ƙarƙashin matashi,
da asuba in tarar ta tsere.

Lawali mai shayi ya ce, Baduku, haƙura,
icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na ce, kai icce ka sani.
Ni fata na sani.
An sha kawo mini wadda ta bushe ƙamas,
ta shekara a kan danga,
a ce ba ta da sauran amfani.
Ruwa nake ba ta, da bagaruwa, da kwanaki,
in murza, in bari, in dawo in murza.
Ba ta laushin ta ɗan akuya, gaskiya ne,
amma in ta sha rini, ba ta saki.

Abin da yaro ba ya da shi, ina da shi:
na san dalilin da ya zaunar da ni.
Abin da yake da shi, na rasa:
ba ya jin kunyar kuskure.
Kunyar nan ta fi mantuwa nauyi.
Mutumin da ake gaishewa da durƙuso a Kasuwar Dole
ya buɗe baki, magana ta fito tana rarrafe.

Jiya na koma asibiti.
Na riƙe takardar nesa da ido, yadda tsufa ya koya mini,
na ga kalmar da muka yi mako muna kokawa.
Matan, in ji su, wato safe.
Na ce a raina, to, ko banza matan ne ke fara tashi.
Ƙwaya ɗaya da safe, biyu da dare.
Ban tambayi kowa ba.

Da na dawo na faɗa wa Fasuma,
ta dube ni daga kan tabarma, ta ce,
Mushe, a ba ni ruwa in sha.

Cima tana gefe tana wasa da kayan aikina.
Ta ɗaga basilla, ta ce, Kaka, wannan mene ne sunansa?
Na ce, zauna.