Man Dawowa

A Yelwan Yawuri, bayan isha'i,
in kasuwar kifi ta watse, sauro ya karɓi gari,
nakan buɗe tsohuwar kwamfutar shagonmu
mai tsagaggen allo,
in zauna ƙera roka.

Wasa ne, na sani.
Ba ƙusa, ba guduma, ba gumi.
Ka ja tanki da yatsa ka ɗora kan tanki,
ka liƙa inji a gindi, ka sa lema a ka,
ka cusa mutum uku ciki, ka ce bismillah.

Ta fari ta tashi kamu goma, ta yi tutsu,
ta dawo ta sha ƙasa.
Ta biyu ta yi lanƙwasar kara a ruwa,
ta karye a tsaka.
Ta bakwai na birkita jerin matakai,
lema ta buɗe tun wuta na ci a ƙasa,
Lantana ƙanwata ta yi dariya har ta ƙware da kunu.

Ta ashirin da uku ce ta kai.
Ƙafa huɗu, sannu sannu,
kamar balbela za ta sauka bayan saniya.
Tunau ya fito, Kakale ya kafa tuta,
Indo ta sunkuya ta ɗebi tsakuwa.
Na kurma ihu, har maƙwabci ya leƙo da tocila
yana tambaya ko ɓarawo ne.

Sai na dubi ma'aunin mai.
Ko na jiƙa lagwani babu.

Yau kwanansu goma sha ɗaya a can.
Wasan bai san yunwa ba,
kullum na leƙa murmushi suke yi,
shi ne ma ya fi ci mini rai.
In wata ya fito bisa Kwara
sai in sadda kai,
kamar mai cin bashi ya hango mai kuɗi a layi.

Na ƙera ta ceto, ƙatuwa, rumbu guda.
Na ƙara mai, ta yi nauyi.
Na ƙara inji don nauyin, injin ya nemi mai,
man ya nemi man da zai ɗauke shi.
Ta yi gurnani a ƙasa, ta ƙi ɗagawa.

Kawu Barmo ya shigo cajin waya,
shi da ya shekara arba'in yana haɗa jiragen katako.
Ya tsaya bayana, yana warin kwalta da taba.
Ya ce, "Yaro, mi kaka ɗorawa haka?
Ƙaura za ka yi?"

Ya sa yatsa mai kanta a allo.
"Wanga mi a' aikinai?" Fitila ce, Kawu. "Cire."
"Wanga fa?" Tsani na biyu. "Cire."
"Tulun da ya ƙare, yar da shi a hanya,
kada ka yi mishi kara.
Kuma ka fara lissafi daga komowa.
Kowane jirgi ya iya tafiya."

Ya yi shiru, ya dubi wajen kogi.
Na san wanda yake tunawa.
Ba mu faɗin sunan a gida
tun damanar da jirgin kasuwa bai iso ba.

Muka rage, muka sake ragewa,
har ta zama siririya kamar gorar tuƙi,
kujeru uku a ciki, ba kowa kansu.
Ta tashi.
Ta yar da tulu na fari, ta yar da na biyu,
duniya ta koma ƙwaryar shuɗi a bayanta.
Kawu ya ja benci ya zauna, ya manta da waya.

Saura kaɗan mu shiga kewayen wata
aka ɗauke wuta.
Allon ya yi numfashi biyu, ya mutu.

Muka zauna a duhu, kwaɗi na ta surutu.
Ta ƙofa ga na gaskiyar can, rabi, bisa ruwa.
Kawu ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.
Ya ce, "Ba su san an taso ba, ko?"
Na ce a'a.
Ya laluba takalmansa.
"In an kawo wuta, ko ƙarfe nawa ne,
ka buga mini ƙofa."