Littafin Farashi

Na sayi littafi mai shafi arba'in a Taminus,
na ja layi da jan biro:
nan unguwa, nan kuɗi.
Shekara talatin da biyar ina auna zafin jikin majinyata,
yau ga ni da kuɗin sallama a banki
ina auna zafin kasuwa.

Tanimu dillali ya kai ni Rikkos da sassafe,
sanyi na cizon kunne.
Ɗaki uku da falo, rijiya a tsakar gida.
Ya ce, "Miliyan sha takwas, Hajiya, kuma don ke ce."
Na jefa tsakuwa a rijiyar,
na ƙirga har bakwai, ban ji ruwa ya amsa ba.
Na rubuta: sha takwas,
ban da abin da 'yan garuwa za su ci har in mutu.

A Dadin Kowa bango ya sha sabon fenti,
shuɗi irin na ɗakin haihuwarmu.
Na ƙwanƙwasa da makulli,
siminti ya zubo kamar garin tuwo.
Maƙwabciya, Mama Kachollom, na shanya acca a tabarma.
Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce,
"Na bayansa bara aka sayar, sha ɗaya.
Ki dawo da damina ki ga inda ruwa ke kwana."
Tanimu ya yi tari,
ya duba agogonsa da ba ya tafiya.

Rayfield kuwa ido na kai.
Mai gadi ya faɗi kuɗin ta ramin ƙofa,
na rufe littafin.
Layin bai da faɗin da zai ɗauki sifilin.

Akwai wani a bakin tsohon ramin kuza,
arha kamar tumatirin Farin Gada
ranar da motocin kudu ba su zo ba.
Ruwa kore, shiru, ba a ganin ƙasansa.
Jikokina uku ne,
ƙaramin bai san tsoro ba tukuna.
Na soke shi da layi biyu.

Da dare na baje shafukan a kan gado.
Akwai gurbi na uku da ban ja ba,
wanda kowa a garin nan ke lissafawa a zuci:
in gari ya rikice, wa zai buɗe mini ƙofa?
Gidan da muka bari da takalmi wari ɗaya,
Jatau ya sayar da shi kuɗin babur biyu,
bai sake bi ta layin ba har ya koma ga Allah.
An ce yanzu bene ne.
Ban tambayi nawa ba.

Watan takwas, ranar da sama ta tsage,
na ɗauki lema, ban kira Tanimu ba.
Gidan shuɗin nan ruwa ya kai masa gwiwa.
Mama Kachollom ta ja ni zaure,
ta miƙo shayi a kofin silba,
ta nuna sama da haɓa:
ɗaki biyu a kan dutse, kwanon rufi ya yi tsatsa,
bishiyar fiya a ƙofa.
"Na Baba Gyang ne. Zai koma wurin 'yarsa a Bukuru.
Je ki tambaye shi da bakinki,
amma ki fara da gaisuwa, kurma ne ga masu sauri."

Littafin ya jiƙe a jaka,
jan biron ya narke, unguwa ta shiga kuɗi.
Na soke zanina, na fara hawa.