Ƙidayar Dare a Trapani

Ɗakin mutum huɗu, tara nake ƙirgawa.
Tun da aka tsananta doka
ajin karatu ya koma makwanci,
katifu har gindin allo.

Lutfi, masunci daga Zarzis,
dare ɗaya ya tuƙa kwalekwale,
alƙali ya auna masa shekara ashirin.
Mai jirgin kuwa, ko ƙeyarsa.

Likita sai Talata.
Gaspare ya ajiye makullai, ba madadi.
An ƙara baki, ba a ƙara tukunya ba.

Ni ma ashirin ta rage mini in huta.
Da asuba ya leƙo ta tagar ƙofa:
"Teku ya lafa?"
Ina na sani, Lutfi.
Rabona da shi tun Lahadi.