Wankin Hoto a Agege

Bayan layin dogo, a shagon Baba Jatau,
akwai ɗakin da rana ba ta da izinin shiga.
Ya toshe ƙasan ƙofa da tsohon buhu,
ya ce, “Fim ko jan ƙwai ba ya so.
Da yatsu za ka gani.”

Na naɗa shi a duhu, hannu na rawa.
Ruwan farko ya farkar da abin da haske ya rubuta,
na biyu ya ce masa tsaya,
na uku ya kafe shi.
Muka shanya. Farar hular mahauci ta koma baƙa,
haƙoransa gawayi.

Sai aka kunna jan ƙwai,
na'ura ta zubo haske a farar takarda.
“Ƙirga sha biyu.”
Ina bakwai jirgi ya wuce, tebur ya girgiza.
Baba ya yi tsaki. A sake.

Ina kaɗa tire a hankali
gira ta ɓullo, sai hanci, sai wuƙar hannunsa.
Duk wankin da na sani cirewa yake yi,
wannan kuwa mutum yake dawo da shi.

Mahaucin ya koma Gusau tun bara.
Yana nan a igiyarmu yana dariya,
bai biya ba.