Ranar da Na Yanka Lilo

Ni na ɗaura lilon nan.
Shekarar da gulbi ya cinye gonar Nomau,
ni da yaran shagona biyu
muka tada shi, ƙarfe bisa ƙarfe,
Alhaji Tankari na tsaye gindin bedi
yana cewa, Ma'azu, ƙara masa tsawo,
so nake yaro ya hango Tibiri daga can.

Ba a hango Tibiri ba.
Kwanon unguwar Zariya aka hango,
da shanu masu gangara fadama.
Amma dala ashirin ce,
kuma ran salla layi har bakin kwalta,
masu ƙanƙara na kuka da ƙarancin canji.

Yau an kira ni da tukunyar gas.
Magada sun raba fili.
Mai sayen ƙarfe ya kafa sikeli,
kamiyonsa ya juya hanci wajen Ɗan Isa.

Na zagaya kafin in kunna wuta.
Ga jirgin ƙasa, taragu huɗu,
shi ne na farko da ƴaƴana suka gani da ido,
kullum yana tafiya, bai taɓa barin katanga ba.
Tumfafiya ta fito ta kujerar direba.
Giwar siminti ta rasa haure,
zanzaro ya gina ɗaki a kunnenta.
Tagar tikiti kuwa, akuyar maigadi ce ciki,
tana dubana kamar ban biya ba.

Daren jiya Hasiya ta miƙo mini salula.
Baba, duba, ba mu kaɗai ba ne.
Wani a Japan, kurmi ya haɗiye shi.
Wani a Amurka, ruwa ya kwana ciki, ya bar zane a bango.
Wani a ƙasar sanyi, gari duka ya watse rana ɗaya,
aka bar kujeru rawaya rataye a sama.
Na kawo fuskata kusa, ina neman bakin walda,
in ga ko hannun maƙerinsu ya fi nawa.
Tsatsa ta rufe.
Ashe tsatsa harshenta ɗaya ko'ina,
ba ta neman tafinta.

Na fara daga sama.
Kujera ta shida wani ya karce ta da ƙusa:
Lawali ya hau sau tara.
Ko wane Lawali ne?
Ƙila shi ya kawo ni da safe bisa kabu-kabu,
muka yi ta jayayya kan dala goma.

Gindin ne ya ƙi.
Tun azahar har la'asar sakaliya
wuta na cin ɗinkin da na yi ina da ƙarfi,
ɗinkin yana cewa a'a.
Na zage shi.
Na kuma ji daɗi, Allah ya sani,
har na ce wa yaron sikeli, zo ka ga aiki.
Ya duba agogo.

Da ya faɗi, ƙasa ta amsa,
baraye suka tashi daga bedi.
Aka auna, aka rubuta,
ban tambayi kilo nawa ba.

A ladana na ce a cire jika biyu,
a bar mini kujera ta shida.
Tana tsakar gida yanzu, kusa da randa.
Jikokina sun hau, sun jira ta motsa, sun sauka.
Tun shekaranjiya kaza ke kwanci ciki.