Mai Awon Dariya

Bayan tashar Kwangila, saman shagon mai faci,
akwai ɗaki mai taga guda da fanka mai ciwon wuya.
Nan Baba Dangana ya yi shekara talatin da 'yan kai
yana auna wa mutane dariya.

Ya faro tun yana yaro a silimar Sabon Gari.
In zaren fim ya tsinke, 'yan kallo suka ɗau ihu,
shi ke rugawa da reza da salatif,
ya ɗinke jarumi da dokinsa
kafin a jefo kujera ta ɗaya.

Sai zamanin kaset, bidiyo biyu da waya a tsakani,
yatsa kan maɓalli kamar mai dakon kifi a Kubanni.
Yau kwamfuta ce. Ni ke riƙe linzami,
shi yana tsaye daga baya.

Ban taɓa ganin haƙorinsa a bakin aiki ba.
Ɗan wasa zai faɗo daga keke cikin kwandon tumatir,
mu sheƙe har da hawaye,
shi ko ya ce, "Mayar, Sanda, ya daɗe a ƙasa.
Faɗuwa kowa na yi.
Tashin da zai yi yana waigen ko an gan shi,
nan abin yake. Rage ƙiftawar ido ɗaya."

Gishiri, in ji shi, ba a zuba shi da ludayi,
in ya zarce an ɓata miya.

Abin da ya yanke bai taɓa zubarwa ba,
da a gwangwanin madara, yanzu a faifai cikin durowa.
Na buɗe ran da ya fita sallar Azahar.
Ga mai keken nan dafe da gwiwa, jinin ba na tumatir ba ne.
Ga mai fitowa a masifaffiyar uwa
tana ƙirga canjin komawa Gyallesu.
Ga tsohon da muka binne bara
yana hamma, yana tambaya ko yau za a biya.

Sunansa na zuwa can ƙarshe,
bayan direba, bayan mai kawo abinci,
lokacin da kowa ya miƙe neman takalmi
ko an danna wani abin a waya.

Yanzu yana ta rufe masa ido,
ni ke kama masa hannu mu tsallaka hanya.
Jiya a teburin mai shayi
'yan acaɓa huɗu sun haɗa kai kan waya ɗaya.
Da jin ƙararrawar keke ya gane aikinsa.
Na ga leɓensa na motsi: ɗaya, biyu,
kan ta uku suka fashe,
har guda ya ƙware, ana bubbuga masa baya.

Baba ya kurɓi shayinsa, ya aje kofi.
"Na makara kaɗan," ya ce.
"Da zan sake, da na rage ɗaya."